Jinin da Muka Nema wa Yaya

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar Farin Gada ne a nan Jos. Kayan gwari nake sayarwa, tumatir da kabeji da karas, wani lokaci har da dankalin turawa idan an shigo da shi daga Bokkos ko Mangu. Ban yi karatun asibiti ba. Abin da na sani game da ƙarin jini na koye shi ne a kan benci a ƙofar ɗakin ajiyar jini, da kuma gefen gadon yayata, wadda ciwon dajin bakin mahaifa ya yi ajalinta a 2023, tsakanin ƙaramar sallah da babba. Na ga ya dace in ba da labarin, domin gidaje da yawa suna shiga abin da muka shiga, kuma ba kowa ke dacewa da wanda zai zaunar da shi ya yi masa bayani ba.

Ita ta raine ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina firamare, Yaya ta ɗauke ni zuwa gidan aurenta a Unguwar Rogo, na tashi tare da babban ɗanta, har baƙi kan ɗauka wa da ƙane ne. Bayan rasuwar mijinta, da kaskon masa ta riƙe gidan. Ita ce kuma uwar adashin matan layinsu. Tana da wani littafi mai baƙin bango, sunaye da ajami, kuɗi da lambobin boko, ba wanda ya isa ya taɓa shi.

Jinin ya fara zuwa mata ne bayan ta daɗe da daina al'ada. Ta ɓoye. Ta sha jiƙe-jiƙen maganin sanyi iri-iri, tana wanke zannuwanta da dare don kada 'ya'yanta mata su gani. Ba na ganin laifinta, haka aka tarbiyyantar da iyayenmu mata. Amma duk macen da ta daina al'ada ta sake ganin jini, ko ɗigo ne, ta tafi asibiti a makon nan, kada ta jira. Mu ba mu sani ba sai ranar da jiri ya kwashe ta a bakin murhu, a 2022. Aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, sakamako ya fito, likitoci suka ce ciwon ya riga ya wuce bakin mahaifa, tiyata ba za ta yi amfani ba. Aka tura mu Abuja don a yi mata gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura. Can ma sai da aka ƙara mata jini kafin su fara, domin sun ce gashin ya fi kama jikin da ke da isasshen jini. Mun sha hanya, Hawan Kibo, Akwanga, Keffi, tana kwance a bayan mota a cinyar 'yarta. Gashin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Jinin ya tsaya na wasu watanni, har ta koma zama a ƙofar gida tana nuna wa yara yadda za su juya masa.

Da hunturu ya kama sosai, a farkon 2023, abin ya dawo. Wanda ya san sanyin Jos na Janairu ya san kowa na rawar ɗari, amma ita ko an tula mata barguna hannunta ƙanƙara. Tafin hannun fari fat, cikin idon ma haka. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta tsaya ta dafa bango tana haki. Ta ce tana jin bugun zuciyarta a cikin kunnenta, ba ya barin ta barci.

A wannan komawar ce muka haɗu da wata likita, ba ta manyanta sosai ba, wadda ta fara yi mana magana ba kwana-kwana. Ta kira ni da 'yar Yaya ta biyu zuwa ofishinta, ta rufe ƙofa. Ta ce, "Malam, akwai jinyar da ake yi don a warkar da mutum, akwai kuma wadda ake yi don ya samu sauƙi a kwanakin da Allah ya rage masa. Mama ta shiga ta biyun. Ba sallamar ku muka yi ba, aiki ne mai yawa a gabanmu, sai dai manufarsa ta canza." Na tambaye ta jini fa, tunda kowa na ganin jini ne matsalar. Ta ce za a ƙara, amma in riƙe abu ɗaya: jinin ba ya taɓa ciwon ko kaɗan. Zai rage haki da jiri da kasala na ɗan lokaci. Ta ce kamar zuba ruwa ne a randar da ta tsage, za ta cika a sha, amma tsagar tana nan.

Ita ce ta fahimtar da ni dalilin da ya sa duk abin da muke ɗirka wa Yaya a gida bai ɗaga ta ba. Mun dafa karan dafi, mun ba ta zoɓo, ruwan ganyen ugu da madara, zogale, hanta, duk abin da maƙwabta suka kawo shawara. Likitar ba ta raina su ba, ta ce abinci ne, idan tana iya ci a ba ta. Amma a mai ciwon daji da ya yi nisa, jini na raguwa ta hanyoyi da yawa a lokaci guda. Ga zubar da ake gani. Ga shi ciwon kansa yana dakushe ɓargon ƙashi, inda ake ƙera jinin, yana hana jiki amfani da sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci. Gashin da aka yi a ƙugu ma yakan raunana ɓargon wurin. Sannan a irin ciwon Yaya, kumburin ciwon yakan danne hanyoyin fitsari ya taɓa ƙoda, ita kuwa ƙoda ita ce ke aika wa ɓargo saƙon ya yi jini. Ba kofin zoɓon da zai ci ƙarfin waɗannan duka.

Daga ranar na koyi wata lamba da suke kira PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin da ke cikin jini. Na mace mai lafiya yakan kama daga 36 zuwa arba'in da 'yan kai. Na Yaya ranar nan 14 ne. Ledar jini ɗaya takan ɗaga shi da kamar 3 ne kawai, saboda haka leda biyu da aka rubuta mata ba su kai ta ko kusa da na mai lafiya ba. Abin da ake nema ta iya tashi zaune ta yi numfashi ba wahala.

Sai neman jinin. Tsarin da muka tarar shi ne wanda kusan kowa ya sani: za a ba ka leda daga firij idan akwai irin naka, amma ka kawo mutum ya mayar. Jinin da ɗan'uwanka ya bayar ba lallai shi za a sa wa majiyyacinku ba, sai an gwada shi tukuna, ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Ni na fara kwanciya. Rukunina O ne, irin nata. Aka auna nauyina, aka tsaga yatsa aka duba ko ina da isasshe, aka ɗibi kamar mililita 450, bai kai rabin lita ba. Kafin minti goma sha biyar an gama. Na sha lemo na koma kasuwa. Da na ce zan dawo mako mai zuwa, ma'aikacin ya girgiza kai, ya ce namiji sai bayan wata uku, mace wata huɗu. Nan na gane cewa ni kaɗai ba zan iya riƙe ta ba, ko da zan yarda a tatse ni.

Na koma kan 'yan kasuwa. Na sayi littafi na fara rubuta sunaye, da lambar waya, da rukunin jinin wanda ya san nasa. Sharaɗin ba mai wuya ba ne: shekara 18 zuwa 65, nauyi kilo 50 ko fiye, ba ka cikin rashin lafiya. Amma na ji maganganu. Wani ya ce ba da jini na rage wa namiji ƙarfi. Wani ya ce jininsa bai ishe shi ba ma, shi da ke dako. Wani ya ce ai sayarwa suke yi, ko a kai wa matsafa. Wasu tsoron gwajin suke, ba allurar ba, kuma na fahimce su. Cikin yaran da suka bi ni akwai waɗanda aka kira gefe aka ce ba za a ɗibi nasu ba, an ga ciwon hanta nau'in B, su je a duba su. Ɗaya ya yi fushi da ni na tsawon lokaci, kamar ni na sa masa. Yanzu yana zuwa asibiti ana bibiyar hantarsa, matarsa da yaransa sun yi gwaji, an yi musu rigakafi.

Wannan duk ya faɗo ne a lokacin canjin kuɗi, watan Fabrairu, sa'ad da takardar naira ta ɓace a gari. Tumatir na ruɓewa a gabanmu don ba mai tsabar saye, masu POS na yanka son ransu, a tura kuɗi ta waya ya maƙale a hanya. Ko jinin kyauta ne, sai ka biya kuɗin leda da gwaji da haɗawa, ga kuɗin Keke na kai masu bayarwa da dawo da su, ga ɗan abin da za su sa a ciki. A irin wannan matsin ne wani matashi ya same ni a bakin ƙofar asibiti, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Alhaji, jini kake nema? Muna da yara, kowane rukuni." Ban saya ba, amma ba zan zagi wanda ya saya ba, domin na san abin da ke kai mutum can. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana cinikin jini, malamin unguwarmu ma ya ce akwai hadisi ingantacce da ya hana cin kuɗin jini. Abin da ya fi tsorata ni shi ne bayanin wata nas: mai sayar da jini yakan zagaya asibitoci ya bayar kafin lokacinsa ya yi, jinin ya zama tsararo, kuma ba zai faɗi gaskiyar lafiyarsa ba tunda kuɗi yake nema, alhali cutar da aka ɗauka kwanan nan ba koyaushe gwaji ke kama ta ba. Ita ce ta nuna mini cibiyar hukumar kula da jini ta ƙasa da ke nan Jos, inda masu sa kai ke bayarwa ba don wani nasu ba. Sun taimake mu a wani dare da firij ɗin asibiti ba shi da O.

Na zauna a gefen ledoji da dama har na haddace yadda ake yi. Za a ɗibi ɗan jininta a haɗa da na ledar a ɗakin gwaji a ga ko za su zauna lafiya. Ledar na fitowa daga firij da sanyinta, domin tsakanin digiri 2 zuwa 6 ake ajiye ta, kuma ba ta wuce kamar kwana 35. Nas biyu za su karanta suna da lamba da rukuni, ɗaya na faɗa ɗaya na dubawa. Minti goma sha biyar na farko a hankali ake sake shi, nas na tsaye tana kallon ko za a ga zazzaɓi, rawar jiki, ƙaiƙayi ko ciwon baya. Dole leda ta ƙare kafin awa huɗu. Na taɓa ganin wata mai jinya a gadon kusa tana shirin tsoma leda a ruwan zafi na fulas, wai sanyin Jos ya isa, kada a ƙara wa uwarta wani. Nas ta yi tsalle ta karɓe. Ruwan zafi yana farfasa ƙwayoyin jinin, abin da aka kawo don taimako ya koma guba.

Yanzu bari in faɗi abin da jinin ya yi mata, don kada wani ya karanta wannan ya ɗauka aikin banza muka yi. Washegarin ƙarin farko, Yaya ta nemi kunun gyaɗa. Ta yi sallah a zaune maimakon a kwance. Leɓenta ya yi ja kaɗan, muryarta ta dawo, har ta yi wa jikanta faɗa don ya shigo ɗaki da takalmi. Da muka koma gida, abin da ta fara cewa shi ne a ɗauko mata littafin adashi.

Ashe lissafi take yi tun a gadon asibiti. Ba mu gaya mata abin da likita ta faɗa mana a ofis ba, 'ya'yanta sun ce kada a karya mata zuciya. Amma macen da ta yi shekaru tana riƙe amanar kuɗin mutane ba ta buƙatar a fassara mata fuskokinmu. Ta gane da kanta cewa kowane ƙarin jini yana ba ta 'yan kwanaki masu kyau, sai ta fara tsara abin da za ta yi da su. Ta riƙa aikawa a kira matan adashi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta kwasa ba ta gama zubi ba, a zauna a yi lissafi. Wadda ba ta kwasa ba, a gaya mata ranarta da hannun da za ta karɓa. Da yake babu tsabar kuɗi a gari, aikin ya ja lokaci, wata ta kawo rabi, wata ta ce sai ɗanta ya samu ciro. Yaya ba ta gaji ba. Ta zaɓi wadda za ta gaje ta, ta zaunar da ita ta karanta mata littafin shafi-shafi a gaban shaidu biyu. Akwai wata maƙwabciya da suka yi shekaru ba sa ga-maciji, a kan maganar magudanar ruwa. Ta sa aka kira ta, suka rufe ƙofa. Ban san abin da suka ce ba, na dai ga matar ta fito tana share ido, kuma daga ranar ita ke kawo tuwon dare.

Duk wannan da jinin 'yan dako da masu tura baro na Farin Gada aka yi shi. Ina so su san haka.

Azumi ya kama a ƙarshen Maris, masu bayarwa suka yi wuya. Ba wanda zai yi dako da ƙishirwa sannan a ɗebe masa jini da rana. Wani ma'aikaci, Allah ya saka masa, ya yarda ya riƙa jiran mu bayan an sha ruwa. Akwai kuma wani abokin cinikina Kirista da ke kawo mini dankali, da ya ji halin da ake ciki sai ya zo da ƙannensa da rana tsaka suka bayar, bai ma gaya mini ba sai da aka kira ni daga ɗakin jini. Wanda ya zauna a Jos tun rikicin 2001 ya san akwai unguwannin da wani ba ya shiga, amma a firij ɗin nan rukuni da lamba kawai ake rubutawa. 'Yar Yaya ta tambayi malam ko jinin wanda ba Musulmi ba ya halatta, da kuma ko wanda ya ba ka jini ya zama muharraminka kamar shayarwa. Ya ce ya halatta, kuma ba ya haramta aure. Yaya kuwa da ta tambayi jinin wa ke jikinta aka ce ba a sani ba, sai ta ce to a bar ta ta yi musu addu'a a dunƙule.

Ta ga ƙaramar sallah da ƙafarta. An ƙara mata jini ana saura 'yan kwanaki, da niyya, likitar ce ma ta ba da shawarar a daidaita shi da abin da take son ta halarta. Ta sa sabuwar atamfa, ta zauna a tsakar gida, jikoki suka zo gaisuwa ta raba musu barka da sallah.

Bayan sallah abin ya fara sauya. Da can ƙari ɗaya kan riƙe ta makonni. Sai ya koma kwana goma, sai mako. Likitar ta riga ta gaya mini cewa a wannan matakin sau da yawa amfanin ba ya kai mako biyu, wasu ma ba sa jin bambanci ko kaɗan, domin kasalar ba ta ƙarancin jini kaɗai ba ce, ciwon ne da kansa ke cin jiki. Lambar PCV takan hau a takarda, amma Yaya ba ta tashi. Jijiyoyin hannunta suka ɓuya, a yi ta soka ana nema har a koma ƙafa. Fitar da ita daga gida kanta azaba ce: a ɗauke ta a sa a mota, kowane rami sai ta cije leɓe, a yi jiran gado, a yi jiran haɗa jini, kwana biyu sun tafi a asibiti don a samu kwana uku a gida.

Ƙarin ƙarshe shi ne ya tsorata mu. Leda ba ta kai rabi ba numfashinta ya sarƙe, tana tari, ta kasa kwanciya. Nas ta rufe jinin da sauri, aka tayar da ita zaune, aka sa mata iskar oksijin, aka yi mata allurar sa fitsari. Ba kuskuren kowa ba ne, jinin ya dace da nata. Zuciyarta da ƙodarta ne suka gaza ɗaukar ƙarin ruwa, sai ya taru a huhu.

Da ta samu kanta, ta sa aka fitar da kowa sai ni. Ta ce, "Auta, zo nan. Jinin nan na mutane ne, ko?" Na ce na mutane ne, Yaya, kuma da yardarsu suka bayar. Ta ce, "Na sani. Na gode musu. Amma na gama abin da nake so in yi da shi. Jiya na ji ana neman jini wa wata yarinya a ɗakin haihuwa. Ni an sa mini ya fita, an sa ya fita. Ka mayar da ni ɗakina."

Maganar ta yi mini nauyi ƙwarai. Ni namiji ne, ba ni ke yi mata wanka ba, ba ni ke canza mata ƙunzugu ba, wannan na 'ya'yanta mata ne. Jini shi ne aikina. Shi ne abin da nake iya tashi da asuba in nema in kawo in ce ga shi. Da ta ce a daina, sai na ji hannuna ya zama wofi. Amma na ga daren jiya da idona, kuma na san ba zafin ciwo ne ke magana ba, hankalinta garau yake.

Babban ɗanta, wanda muka tashi tare, yana aiki a Kaduna, shi ke turo mafi yawan kuɗin. Da na kira shi ya ɗaga murya. Ya ce, "Kawu, sai mu zuba ido muna kallonta? Idan kuɗi ne ka faɗa mini. Me mutane za su ce, mun gaji da uwarmu?" Na ce ya zo ya ji daga bakinta. Ya zo. Muka zauna da likitar, wannan karon a gaban Yaya, domin ita ta nemi haka. Likitar ba ta ce a daina ba, ba ta ce a ci gaba ba. Ta ce tambayar da take yi kafin kowace leda ita ce, wadda ta wuce ta sa Mama ta ji daɗin jikinta? Idan e, a sake. Idan a'a, lamba kawai muke yi wa magani. Sai ta juya ta ce, "Mama, ke me kike so?" Tun da aka fara jinyar nan, ban ji wanda ya yi mata wannan tambayar kai tsaye ba. Ta maimaita abin da ta gaya mini. Muka je wurin malam tare da ɗan nata, ya ce neman magani abu ne mai kyau, amma maganin da masana suka ga ba ya kawo amfani bai zama dole ba, barin sa kuma ba kisan kai ba ne, ba yanke ƙauna ba ne.

Daina jinin bai zama daina jinya ba, a nan ne mutane ke ruɗewa. Aka sallame mu da mofin na ruwa, wani maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, ana ba ta a baki a kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba, likitar ta daidaita adadin saboda ƙodarta. Mun ji tsoronsa da farko, an ce yana gaggauta mutuwa ko ya zama jaraba. Abin da muka gani shi ne ya kwantar da ciwon ƙugun, ya kuma rage mata jin hakin, abin da muke zaton jini kaɗai ke yi. Yana ɗaure ciki, don haka tare da maganin sakin ciki ake ba da shi. Aka ba mu ƙwayar rage zubar jini, da maganin da ke kashe warin ciwon, wanda ya fi komai damun ta saboda masu zuwa dubiya. Nas ta ce a buɗe taga ko a riƙa yi mata fifita a fuska idan numfashi ya yi nauyi, a jingina ta da matasai. Ta kuma ce a tanadi zannuwa da tawul masu duhun launi, don idan jini ya ɓalle da yawa kada ganinsa ya firgita ta da yara, kuma in hakan ta faru kada kowa ya fita neman mota, a zauna kusa da ita a riƙe hannunta. Allah ya sa ba mu kai ga haka ba.

Ta yi 'yan makonni a ɗakinta. Barcinta ya riƙa ƙaruwa, cin abinci ya koma cokali biyu na kunu, daga baya sai jiƙa leɓe. Idan ta farka takan gane kowa. Ni aikina ya koma zama a bakin ƙofa bayan la'asar ina karanta mata abin da ya sawwaƙa, da fita da ita tsakar gida ta sha hantsi idan ta nema. Ta rasu da asuba, ana saura kwanaki babbar sallah, 'ya'yanta na kewaye da ita, ana laƙƙana mata kalmar shahada. Allah ya jiƙan ta, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya jiƙan naku da suka riga mu.

Ɗan nata har yau idan zancen ya taso yakan ce da an gwada ko leda ɗaya ce. Ba na jayayya da shi, uwarsa ce. Ni dai ina nan a kan cewa ita ke da jikin, ita ta san abin da kowace leda ta ba ta da abin da ta karɓe mata, kuma ta faɗa da bakinta a gaban shaidu. 'Ya'yanta mata duk sun je an yi musu gwajin bakin mahaifa, jikokinta mata da suka kai shekara tara kuma an yi musu allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa wannan ciwon, wadda aka fara yi wa 'yan mata kyauta a Najeriya daga Oktoban 2023.

Littafin sunayen nan bai mutu ba. Yana rumfata, ya ƙara kauri, yanzu har da 'yan kasuwar Taminus da wasu masu Keke. Yawancin kiran da ke zuwa na masu haihuwa ne da yara masu sikila da waɗanda suka yi haɗari a hanyar Bauchi, wani lokaci kuma na masu irin ciwon Yaya, kuma ba ma tambayar ko mai shi zai tashi kafin mu tura mutum. Kusa da kowane suna ina rubuta watan da ya bayar, don kada a kira shi kafin lokacinsa. Masu O nagetif kaɗan ne a cikinmu, su ba ma taɓa su sai an nema ko'ina an rasa.